Shekarar da Na Kai Tsuntsaye Sallama Ƙofar Maigari

Bello, an gaya mini abin da ka faɗa wa surukanka a Boɗinga ranar da suka tambaye ka dalilin da ya sa mahaifinka ya bar ladanci. Wai ciwon ƙirji. To, ka buɗe kunne ka ji, kai da Nana da ƙannenku da 'ya'yanku duka: ƙirjina lafiyarsa lau a wancan lokacin, yau ma tarin tsufa ne kawai ke damuna. Ba ciwo ya sauke ni ba, ba kuma taɓin hankali ba kamar yadda wasu ke raɗawa in na wuce. Sauke ni aka yi ina ji ina gani, kuma na san za a sauke ni tun kafin in aikata abin da na aikata. Na san kunya ce ta sa ka rufa mini asiri, Allah ya yi maka albarka. Amma ni ban ba ka wani asiri ka rufa ba. Abin da na yi, a tsakiyar gari na yi shi, da rana tsaka, gaban kowa.

Ladanci a gidanmu gado ne. Kakana ya kira salla a masallacin garin nan tun yana na ƙasa, mahaifina ya karɓa daga hannunsa, ni kuma na karɓa lokacin da aka fara sa lasifika. Wannan kun sani. Abin da ba ku sani sosai ba shi ne ɗaya gadon, wanda na samo wajen Inno, mahaifiyata. Ina yaro ita ke kai ni gona korar tsuntsu idan gero ya fara ido. Sauran yara suna ihu suna kaɗa gwangwani, ni da ita muna zaune kan tudu tana cewa in saurara. Ta ce wancan suda ce, wancan cilakowa, wancan da ke yi kamar ana tsiyaye ruwa daga gora ragon maza ne. Sai ta dunƙule hannu ta hura, kurciya ta amsa mata daga kan gawo. Kafin in isa kaciya na fi ta iyawa. Babu tsuntsun da zai yi kuka sau biyu a gabana ban ɗauke shi ba, har samari kan tare ni a dandali su ce sai na yi musu kafin in wuce. Ranar da mahaifina ya ga ƙarfinsa ya ja baya, ya kira ni zaure ya ce:

"Ummaru, daga yau ka bar kukan tsuntsayen ga. Ladan ka zama. Ba a jin shiririta ga bakinka."

Na ce to, kuma na cika. Na yi aure, aka haife ku, furfura ta fara fito mini, ban ƙara yi ba ko a cikin ɗaki. In na ji ragon maza a bayan gida maƙogwarona kan motsa da kansa, sai in haɗiye miyau in kama tasbihi.

Yanzu ku tuna da bakin tafki, yamma da gari, hanyar da ake bi zuwa Lambara. 'Yan itatuwa ne a wurin, tsamiya da giyayya da kaiwa da wasu tsofaffin gawo, amma mu kurmi muke ce masa don ba mu da wanda ya fi shi. Duk tsuntsun da ke ƙasar nan can yake kwana. Balbela kan rufe tsamiyar nan fari fat da maraice, shamuwa na da sheƙunansu a sama duk damina, marai sun rataye nasu a rassan da suka sunkuya kan ruwa. In na fito kiran assalatu su nake fara ji, har nakan san gari ya kusa wayewa ba tare da na dubi agogo ba. Wannan kurmin ne aka ce za a sare.

A shekarar damina ta yi kyau irin wadda manomi ke roƙo. Gero ya yi bununi, ya zuba ido, yara sun fara gasa tumu, sai tsuntsayen nan jan baki suka sauko. Ku da ba ku riski abin da hankalinku ba, ba za ku gane ba. Sai ka ga sama ta yi duhu daga gabas kamar hadari, ka ji wata irin ƙara, kafin ka ɗauko majajjawa sun sauka. In suka tashi sai zangarniya tsirara. Mun yi ihu har muryoyi suka dushe, mun ja igiyoyi da gwangwanaye, mata sun fito da faranti da ludayi, duk a banza. Gonata ta tudu, wadda ke ciyar da gidanmu, na tsaya a gefenta na ga abin da ya rage, wallahi sai da na zauna a ƙasa. Saboda haka kada wani ya gaya muku wai ban san zafin abin ba. Na san shi har cikin ƙashina.

Aka taru ƙofar Maigari. Zuciyar kowa ta kawo wuya, kowa na neman abin da zai kai wa sara. Wani ya ce ai matattarar tsuntsu bakin tafki ce, a sare itatuwan a ba masu gawayi, a huta. Nan take aka ɗauka. Alhali babu manomi a wurin da bai san jan baki ba a nan suke kwana ba. Can cikin kacala, doguwar ciyawar ruwan nan, suke kwana, a fadamar da ke wajen Shagari, kowa na ganin inda suke dosa da magariba. Amma wa zai iya da kacala? Itace kuwa yana tsaye, ba ya gudu. Na ɗaga hannu na ce, ranka ya daɗe, waɗanda ke bakin tafki ba su ne ɓarayin ba. Ban rufe baki ba aka taso mini. Wani daga baya ya ce:

"Ladan, kai dai ka kira muna salla. Wagga magana ta manoma ta."

Ni da gonata ta tafi! Aka yi dariya, aka tsayar da ranar Asabar mai zuwa, kowane magidanci ya fito da gatarinsa.

Na koma gida ina huci. Mahaifiyarku Kulu tana tankaɗe a tsakar gida, na zauna ina ta faɗa ni kaɗai, ina lissafa mata waɗanda za a raba da gidajensu ba su ci ba su sha ba. Kun san ta da baki. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce:

"To, tun da ƙaura ta kama su, sai su tai su yi ma Maigari sallama, kak ka ishe ni da tsiya."

Ba'a take yi mini. Ni kuwa maganar ta zauna mini daram. Don a ƙasarmu mutum ba ya ɗaure kayansa ya bar gari haka kawai. Sai ya je ƙofar Maigari ya durƙusa ya yi sallama, shi kuma Maigari dole ya tambaye shi a gaban jama'a wa ya ɓata masa rai, ya ba shi haƙuri, ya ce ya koma ya kwance kaya. Babu abin da ke zubar da girman mai sarauta irin a ce talakawansa na tashi suna komawa ƙasar wani. Na dubi Kulu na ce haka za a yi, za su je sallama, kuma ni zan kai su. Sai ta ajiye rariya.

"Malam, wasa nika yi."

"Ni ba wasa nika yi ba."

"Kai ad da lasifika ga hannu, ka tai ƙohwar Maigari kana kukan kurciya? Mi za ni ce ma ɗiyanka? Mi za ka ce ma Baba in kunka haɗu gobe kiyama?"

Wannan ta ƙarshe ta soke ni, ba zan ɓoye muku ba. Daga baya na ce mata Baba ya hana ni shiririta, kuma in wannan shiririta ce to ban san abin da ake kira magana ba. Na faɗa da bakin mutum an yi mini dariya, saura in faɗa da bakin masu abin. Ta yi kwana biyu ba ta ce mini ci kanka ba, tuwo ma ajiyewa take ta juya. Amma ranar Alhamis na shigo na tarar da ita a bayan rumbu da tsohon buhu a cinya, tana ɗinka masa gashin zabi da na kaji, tana yi tana share ido da gefen zane. Na buɗe baki zan yi godiya ta ce in ɓace mata da gani.

Mutum biyu na nema. Na farko Ɗan Ige maharbi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana sanɗar tsuntsu da kan burtu ɗaure a goshi, yana tafiya a duƙe har ya isa kusa da su. Na zaci zai kore ni, sai ya ce in an sare kurmi shi da wa zai yi maƙwabtaka, ya shiga ɗaki ya kakkaɓo kan burtun nasa. Na biyu Modi mai gangar noma, shi kam ko dalili bai tambaya ba, da ma neman inda zai buga yake. Sannan na yi abin da ya fi mini wuya, na tafi wurin Liman Attahiru da ƙafata. Tare muka yi karatun allo da shi, tare muka yi shekaru ni ina kira shi yana ja. Ban so ya ji a bakin wani ba. Na same shi a zaurensa na zayyana masa komai. Sai ya ce:

"Ummaru, ni ma ban so a sare iccen ga. Amma ba da wagga hanya ba."

"Allah gafarta Malam, ai kai ka karantar da mu cewa tsuntsaye ma tasbihi suka yi."

"Suna yi, da bakinsu. Ba a ce Ladan shi sa gashin zabi shi taya su ba. Gobe in ka ɗauki lasifika, yara za su ji kiran salla ko za su ji kurciya? In ka yi wanga abu, ba ka ƙara kira masallacin ga. Kak ka ce ban hwaɗa maka ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma ban taɓa cewa ba shi da hujja ba. Mutum ne mai tsare mutuncin masallaci, nauyin da aka ɗora masa ke nan. Na ce na ji, Allah gafarta Malam, na tashi na fito.

Ranar Jumu'a na kira salla kamar kullum. Na kira la'asar ma, kuma na ja ta fiye da yadda na saba, don na san abin da na sani. Da aka sallame na koma gida na tuɓe farar riga, na ninke rawani na ba Kulu, na sa buhun gashin nan, na shafa toka a fuska. A lokacin Maigari na zaune ƙofar gidansa ƙarƙashin rumfa, kamar yadda yakan yi duk Jumu'a ana kawo gaisuwa, fili cike da mutane. Modi ya saki ganga daga bakin kasuwa. Muka taho a duƙe, Ɗan Ige a gaba da kan burtu yana kaɗa shi hagu da dama, kowannenmu da ɗan ƙunshin tsumma a baya irin na masu ƙaura. Yara suka yo kanmu, mata suka leƙo ta kan darni. Da farko ba a gane ni ba. Da wata tsohuwa ta ce la ilaha illallahu, Ladan na, sai fili ya kaure.

Muka zube gaban Maigari. Na dunƙule hannu na hura kukan kurciya, wanda rabona da shi tun ina saurayi. Na ji tsoron ya gudu daga bakina, ashe yana nan inda na bar shi. Na yi shi sau uku, sannan na ce da muryar mutane:

"Ranka shi daɗe, kurciya ta. Ta zaka sallama. Ta ce gobe za a rushe mata gida, za ta koma ƙasar Mandera, a yahe mata abin da tac ci."

Aka fashe da dariya, har da dogarin Maigari. Shi Maigari ya rufe baki da gefen rawani. Ban saurara ba, na kawo balbela da ƙugin nan nata, na ce ta ce ta bi shanun garin ga tun suna maruƙa tana tsince musu ƙwari, ba ta taɓa sa baki ga zangarniya ba, amma ita ma ta ɗaure kaya. Shamuwa ba ta da kuka, baki take kaɗawa, don haka Modi ya ajiye ganga ya haɗa kara biyu yana ƙwanƙwasawa, ni kuma na ce shamuwa ta ce ita ke zuwa kowace shekara ta shaida wa manoma ruwa ya kusa su fita shukar binne, ita ke cinye musu fara, baɗi sai su nemi wani ɗan aike. Da na zo kan marai ban yi ƙarya ba. Na yi surutunsu na ce marai ya amsa laifi, ya ci gero, amma a duba sheƙarsa a ga da tsutsa yake ciyar da ɗiyansa. Ɗan Ige na zagaya fili a duƙe yana saran ƙasa da bakin burtu, yana bin yara suna watsewa suna dawowa. Ba kowa ke dariya ba. Wani ya yi ihu ya ce Ladan ya zautu, wani ya jefo hogen ƙasa ya same ni a kafaɗa. Wanda ya jefa na san shi, yana nan da rai, kullum muna gaisawa.

Sai na ɗaga wa Modi hannu ya tsaya. Na cika ƙirji na saki wani kuka mai kauri, mai hawa biyu, irin wanda ake jiyowa daga nesa. Na sake yi. Samari suka dubi juna, wani ya ce wanga kuma wane tsuntsu na? Babu wanda ya ba shi amsa sai tsohuwar nan da ta fara gane ni, ta ce a hankali:

"Gauraka."

Duk wanda ya yi furfura a filin nan ya yi tsit. Muna yara gauraka kan sauka fadamar nan garke guda, suna rawa da tukkayensu, da asuba kukansu ke tashin gari. Babu wanda zai iya gaya maka shekarar da suka daina zuwa, an dai wayi gari an manta da su. Na ce:

"Ranka shi daɗe, wagga ba ta zaka sallama ba. Ta daɗe da tahiya, tun zamanin mahaihinka, ba wanda yat tambaye ta wa yab ɓata mata. Su waɗanga sun ce su kam ba su tahiya hakanan, sai sun ji daga bakinka."

Na sunkuyar da kai, Ɗan Ige ma ya kwantar da kan burtu a ƙasa. Yanzu fa magana ta koma hannun Maigari. Masu ƙaura sun durƙusa a gabansa, jama'a na kallo, kuma kowa ya san abin da al'ada ta ce ya faɗa. In ya ce Allah ya kiyaye hanya, gobe a kasuwar Lambara za a ce an yi ƙaura daga ƙasarsa ya sa albarka. Ya dube ni ya daɗe, na ga idonsa ya yi ja, ban sani ba ko fushi ne ko gaurakar ce. Sannan ya gyara zama ya ce:

"Ladan, ka ɗaure ni. Hwaɗa musu su koma su kwance kaya. Ba mai ƙaura daga ƙasata ina da rai."

Dogari ya maimaita da ƙarfi yadda na bayan fili za su ji. Shi ke nan, magana ta fita, ba ta komawa. Modi ya saki ganga, mata suka rangaɗa guɗa, wasu magidanta suka kaɗe riguna suka tafi suna tsaki. Ranar Asabar babu gatarin da ya je bakin tafki.

Amma kafin Asabar akwai magaribar ranar. Na koma gida na wanke toka, na sa farar rigata, ƙafafuna suka ɗauke ni zuwa masallaci a kan lokaci kamar yadda suka saba. Ina sa kai na tarar da Dikko, ɗan ƙanen Liman, tsaye da lasifika a hannu. Bai iya haɗa ido da ni ba. Liman na zaune a gaba ya ba ni baya. Na ja na tsaya, sannan na nemi wuri cikin sahu na zauna, na ji wani yana kiran sallar da kakana da ubana suka kira. Na yi kuka a cikin sallar nan, ba na jin kunyar faɗa.

Shekarar ta yi mana tsanani. Jan baki ba su san an yi wasa ba, suka ci gaba da ɓarnarsu har aka girbe abin da ya saura. Rumbunmu ko rabi bai yi ba, sai albasar rani ce ta fitar da mu. Duk wanda yunwa ta taɓa ya sami wanda zai zaga, aka ce Ladan ya fi son tsuntsu da ɗiyan mutane. Bello, kai ka sha dambe a makaranta saboda yaran da ke yi maka kukan kurciya, ka dawo da leɓe a fashe ka ce faɗuwa ka yi. Nana, ke kika daina zuwa ɗiban ruwa sai rijiya ta watse. Mahaifiyarku ta ji maganganu a gidajen suna da na biki waɗanda har ta koma ga Allah ba ta maimaita mini su ba. Wannan duk na sani, kuma ni na jawo muku. Ina roƙon ku yafe mini wahalar. Aikin kuwa ba na neman yafiyar kowa a kansa.

Wasan bai mutu ba. Wani malamin makaranta ɗan Sifawa da aka turo garinmu yana cikin filin ranar, shi ya matsa sai mun sake yi wa ɗalibansa bayan kaka. Daga nan aka kira mu Shagari, aka kira mu Boɗinga, muna yi a fili ƙarƙashin itace, ana dasa 'yan tsirrai in mun gama. Tun da an riga an raba ni da abin da nake tsoron rasawa, sai na saki maƙogwarona gaba ɗaya. Ɗan Ige ya rasu ya bar mini kan burtunsa, Modi ya kurumce amma bai daina bugu ba. Kurmi kuwa yana nan, ku je da maraice ku gani da idonku.

Saura abu guda, wanda ko mahaifiyarku ban gaya wa ba sai daga baya. Shekarun baya kaɗan Dikko ya sami aiki a birni ya tashi, masallaci ya zauna babu tsayayyen ladan, yau wannan gobe wancan. Liman Attahiru ya aiko a kira ni. Na same shi kafin azahar a inuwar masallaci, mu biyu kaɗai, kowa na gona. Ya tsufa ƙwarai, muryarsa ta zama siririya. Muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce:

"Ummaru, masallacin ga na kewar muryarka. Ni ma haka. Ka dawo."

Allah ya sani babu ranar da ta fito ta faɗi ban yi marmarin jin wannan kalma ba.

"Abu guda nika so. Ran Jumu'a ka tashi bayan salla ka ce ma jama'a abin da kay yi kuskure na, ka bar shi. Baki ɗai za ka buɗe, ba wanda za shi ƙara tada maganar."

"Allah gafarta Malam, in ka ce in bar wasa don girma ya kama ni, sai mu yi shawara. Amma in ce kuskure na yi, ba ni hwaɗi. Bakin da za shi yi wagga ƙarya gaban jama'a, shi kaka so shi kira musu salla?"

"Taurin kanka na nan."

"Tare munka koye shi, Allah gafarta Malam."

Ya ɗan murmusa. Inuwa ta matso gindin bango, azahar ta yi, babu wanda ya zo. Lasifika na rataye a ƙusarta, taku kaɗan daga inda nake zaune. Ya dube ta, ya dube ni. Na san in na miƙe na ɗauka ba zai hana ni ba a ranar, amma Jumu'a na zuwa, kuma zai jira in biya. Hannuna har ya motsa, na danne shi da ɗayan a kan gwiwa. Da ya ga ba zan tashi ba, sai ya dafa bango ya miƙe da kyar, ya ja ƙafa ya isa wurin, ya kunna, ya kira da 'yar muryar nan tasa mai rawa, yana tsayawa yana maida numfashi. Ina zaune ina amsa masa kalma bayan kalma, hawaye na sauka cikin gemuna. Da ya gama na tashi na shimfiɗa masa buzunsa, na koma bayansa na tsaya.